Dutsen Kasino da Mas'alar Ƙudura

A ƙasar Italiya, a kan hanyar da ta taso daga birnin Roma ta nufi Napoli, bayan matafiyi ya ci kimanin kilomita 130, akwai wani dutse wanda tsayinsa ya haura mita 500, ya yi wa garin Kasino rumfa, a ƙwanƙolinsa kuwa akwai wani makeken gida na ruhubanawan Nasara, fari fat, wanda mutanen ƙasar suke kira Monte Kasino. Wanda ya hango shi daga kwari a yau zai zaci ginin ya yi ƙarnuka a tsaye ba abin da ya taɓa shi, alhali kuwa sau huɗu ana mai da shi kufai, sau huɗu ana tayar da shi, kuma galibin duwatsun da ido yake gani an jera su ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya ja hankalina ga tarihin wannan wuri wata muhawara ce da aka yi a ɗakin cin abincinsa fiye da shekara 900 da suka shige, a kan mas'alar da babu wani ma'abucin tauhidi, Bayahude ne ko Kirista ko Musulmi, da zai ce ba ta shafe shi ba: shin ƙudurar Allah tana kaiwa ga abin da ya riga ya auku, har ta mai da shi bai taɓa aukuwa ba?

Wanda ya kafa gidan shi ne Benedik, mutumin Nursiya, wanda ya hau dutsen wajen shekara ta 529 ta Miladiyya, ya tarar da ɗakin gunkin Afolo a samansa mutanen ƙauye suna ta yi masa hadaya, ya rushe bagadin, ya gina wurin ibada a gurbinsa. A nan ya rubuta ƙa'idar zaman ruhubanawa mai babi 73, wadda ta raba yini da dare tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, wadda kuma daga baya gidajen ruhubanawan yammacin Turai suka ɗauke ta abin koyi. A cikin ƙa'idar akwai babin da ya hukunta cewa idan 'yan'uwa suka zauna cin abinci, ɗayansu zai tashi ya yi ta karanta musu littafi da murya, sauran kuwa su yi tsit. Wannan al'ada mai karatu ya riƙe ta, domin daga cikinta muhawarar tamu za ta fito.

Fafaroma Girigori Babba, wanda shi ne ya fara rubuta tarihin Benedik, ya kawo labarin cewa wata rana wani aminin dattijon ya shiga ɗakinsa ya same shi yana kuka mai tsanani, da ya tambaye shi dalili sai ya ce an nuna masa cewa, bisa hukuncin Allah Mai Iko Dukka, za a ba da wannan gida da duk abin da ya tanada a cikinsa ga hannun arna, kuma da ƙyar ya roƙo aka bar masa rayukan almajiransa. Haka kuwa aka yi. Kafin ƙarni na 6 ya ƙare Lombardawa suka faɗa wa gidan da dare suka washe shi, ruhubanawa suka tsere zuwa Roma ba a kashe ko ɗaya ba, dutsen ya zauna kango fiye da shekara 100, sai wajen 718 wani mai suna Fetronas, mutumin Bireshiya, ya komo ya raya shi. Rushewa ta biyu, wadda adalci ya wajabta mini in faɗe ta yadda take, ta zo ne a hannun mayaƙan Musulmi waɗanda suka kafa sansani a bakin kogin Gariliyano suna kai hare-hare. A shekarar 883 suka ƙone gidan, suka kashe shugabansa Bertariyus. Waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Tiyano da kwafin ƙa'idar da suke ɗauka rubutun hannun Benedik ne, a can kuma gobara ta cinye shi bayan 'yan shekaru. Ba su komo kan dutsen ba sai tsakiyar ƙarni na 10.

To, gidan da ya ga irin wannan sau biyu shi ne Desideriyus ya karɓi shugabancinsa a 1058. Ɗan sarauta ne daga gidan mulkin Benebento, mutum mai son gini da littattafai, wanda a zamaninsa Monte Kasino ta kai ƙololuwar ɗaukakarta. Ya sa aka ƙero masa ƙofofin tagulla a Kostantiniya, ya ɗauko gwanayen ado daga can, ya gina sabuwar majami'a wadda Fafaroma Iskandar na Biyu ya buɗe a 1071. Masu kwafin gidan kuwa suka yi ta juyar littattafai, har ma wasu rubuce-rubucen tsofaffin Romawa, kamar wani sashe na tarihin Tasitus, ba su iso ga mutanen baya ba sai ta hanyar kwafin wannan gida. A ƙarƙashin inuwarsa ne kuma Kostantin Ba'afirke, wanda ya ƙetaro daga ƙasar Tunis, ya zauna yana fassara littattafan ɗibbu na Larabci zuwa Latin, cikinsu har da Kamilus Sina'a na Majusi da Zadul Musafir na Ibnul Jazzar. Ka ga ikon Allah: dutsen da takobin Musulmi ya ƙone, ta kansa ilimin likitancin Musulmi ya shiga Turai, tun ba a cika shekara 200 ba.

A tsakiyar shekarun 1060 Desideriyus ya yi wani baƙo mai girma, Bitrus Damiyan, mutumin Rabenna, wanda aka haifa a 1007. Maraya ne ya tashi, wansa ya ɗauki nauyin karatunsa, ya ƙware a nahawu da balaga har ya koyar, sa'an nan ya juya wa duniya baya ya shiga halwa a Fonte Abellana, inda ya yi suna da zuhudu da azabtar da jiki da kuma kaifin alƙalami a kan malaman ikilisiya masu sayar da muƙamai. An naɗa shi kadinal a 1057 ba da son ransa ba. Suna zaune a kan abinci, mai karatu yana karanta wasiƙar da Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta a shekarar 384 zuwa ga wata budurwa mai suna Yustokiyum wadda ta yi alkawarin zaman tsarki, sai aka iso inda Jerom, domin ya tsoratar da ita, yake cewa ko da yake Allah yana da iko a kan kome, ba ya iya mai da budurwa bayan ta faɗi. Damiyan ya ce shi kam wannan magana ba ta taɓa kwanta masa a rai ba, domin jingina gajiyawa ga Wanda yake da iko a kan kome abu ne mai muni ƙwarai, ko da wane ne ya faɗe shi. Desideriyus kuwa, saboda girmama magabaci, ya tsaya wa Jerom, ya yi masa tawili da cewa abin da ake nufi da rashin iyawar shi ne rashin nufi: Allah ba ya yi ne domin bai so ba.

Amsar da Damiyan ya bayar, wadda daga baya ya faɗaɗa ta a doguwar wasiƙa zuwa ga Desideriyus da jama'arsa, wadda aka sani da sunan risala a kan cikar ikon Allah, amsa ce da duk wanda ya zauna gaban malamin tauhidi zai ji daɗinta, domin ta rarrabe tsakanin ƙudura da irada. Ya ce idan har duk abin da Allah bai nufa ba ba ya iya shi, to lalle ne mu ce yau da bai nufi ruwa ya sauka ba ba ya iya saukar da ruwa, kuma majinyacin da bai nufi warkewarsa ba ba ya iya warkar da shi, wannan kuwa ɓatacciyar magana ce wadda mai hankali ba zai karɓa ba. Abin da Allah yake da iko a kansa ya fi abin da ya zartar yawa nesa ba kusa ba. Game da budurwar kuwa, ya ce Allah yana iya mai da ita ta fuska biyu: ya mai da mata darajarta a wurinsa ta hanyar tuba, har ta fi wadda ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma ya mai da mata cikar jikinta, domin Wanda ya halicci jiki daga babu gyaransa ba zai gagare shi ba.

Da maganar ta tsaya nan da an tashi lafiya. Amma a wannan zamani ilimin manɗiƙi ya soma bunƙasa a makarantun Turai, samari masu kaifin ƙwaƙwalwa suna gwada shi a kan kowace mas'ala, sai suka tura tambayar zuwa inda ba a zata ba. Suka ce, mun ji Allah yana iya gyara abin da ya ɓaci. To yana iya sa abin ya zama bai taɓa ɓaci ba? An kafa birnin Roma tun zamanin da. Mun yarda yana iya hallaka ta a yau, amma yana iya sa ta zama ba a taɓa kafa ta ba? Tambayar tsohuwa ce, domin Aristo da kansa ya ambaci wani mawaƙin Yunanawa mai suna Agaton wanda ya ce wannan abu ɗaya ne aka hana wa abin bauta. Mu ma a namu harshen muna cewa ruwan da ya zube ba ya kwasuwa, sai dai mu muna faɗin haka ne a kan bawa, su kuwa samarin suna so su ɗora shi a kan Ubangiji.

A nan ne Damiyan ya fusata, fushinsa kuwa shi ya ja masa sunan da ya bi shi ƙarni bayan ƙarni, na maƙiyin hankali. Ya ce manɗiƙi baiwa ce a gidan ilimin Allah, aikinta ta bi uwargijiyarta a baya da ladabi, idan kuwa ta shige gaba za ta ɓata hanya. Ya nuna musu cewa hujjar tasu, in an bi ta har ƙarshe, ba ta tsaya ga abin da ya wuce ba: abin da yake faruwa yanzu ma ba ya yiwuwa a ce ba ya faruwa, abin da zai faru gobe ma haka, ke nan sun ɗaure hannun Allah a dukan zamuna uku. Sa'an nan ya kawo tasa hujjar, wadda ita ce zuciyar risalar. Jiya da yau da gobe, in ji shi, rabo ne na halitta. Allah kuwa zamani ba ya shuɗewa a kansa, dukan lokuta a gabansa suke a tattare, kuma ƙudurarsa sifa ce ta azal wadda ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Tun da kafin a kafa Roma yana da ikon hana kafa ta, kuma ikonsa ba ya zama tsohon labari, to bai dace a ce da yana iyawa ba, sai dai a ce yana iyawa. Masu nazarin rubuce-rubucensa na baya-bayan nan sun lura cewa bai fito fili ya ce abu yana iya kasancewa kuma ya zama bai kasance ba a lokaci guda. Abin da ya ƙi shi ne a furta kalmar gajiyawa a haƙƙin Allah, musamman a gaban jahilai, waɗanda yake tsoron in suka ji malamai suna cewa Allah ba ya iya kaza, imaninsu zai girgiza. Ni ma haka na fahimce shi, kuma ina ganin wanda ya kira shi maƙiyin hankali bai yi masa adalci ba. Kishin Ubangijinsa ne ya rinjayi harshensa.

Mai karatu wanda ya yi karatun zaure zai ji kamar ya san wannan gardama, kuma ya san ta ɗin. A shekarar 1064, wato daf da zaman cin abincin nan, Ibn Hazm na Ƙurɗuba ya rasu a Andalus, shi ma kuwa ya karkata ga cewa hankali, tun da shi kansa halitta ne, ba shi da hurumin yi wa ƙudurar Mahaliccinsa iyaka, har ya faɗi maganganun da malaman Ash'ariyya suka yi masa raddi a kansu da zafi. A daidai lokacin Imam Gazali yana yaro a garin Ɗus, shi ne kuwa zai zo ya rubuta Tahafutul Falasifa, inda ya ce haɗuwar wuta da auduga ba ita take wajabta ƙonewa ba, al'ada ce Allah ya gudanar, in ya so ya keta ta. Amma duk da haka ya tabbatar cewa mustahili, irin haɗa tabbatar da abu da kore shi, ba ya shiga cikin abin da ƙudura take rataya da shi. Wannan matsayi shi ne Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya tsara a Ummul Barahina, ɗan littafin da ɗalibai suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar Hausa: hukuncin hankali kashi uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, ƙudura da irada kuwa suna rataya ne da mai yiwuwa kaɗai. Rashin ratayarsu da mustahili ba tawaya ba ce a gare su, domin mustahili ba wani abu ba ne da yake can yana jiran a yi shi, lafazi ne da baki yake iya haɗawa amma babu ma'ana a ƙarƙashinsa. Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, shi ma a nan ya sauka a littafinsa Dalalatul Ha'irin. Desideriyus da baƙonsa ba su san waɗannan mutane ba, su ma ba su san su ba, amma duk wanda ya ce Allah ɗaya ne kuma babu abin da yake gagararsa, to wannan tambaya tana tsaye a ƙofarsa, ko da wane harshe yake addu'a.

Amsar da ta zama madogara a wurin yawancin malaman Kirista ta fito ne, abin mamaki, daga wani ɗan wannan gida. Wajen shekara ta 1230 wani mai sarauta daga Rokaseka, garin da yake kusa da dutsen, ya kawo ɗansa Toma, yana da shekara biyar, ya miƙa shi ga ruhubanawa su rene shi. Yaron ya zauna a wurinsu har 1239, lokacin da rikicin Sarki Firedirik na Biyu da Fafaroma ya sa aka kori yawancin mazauna gidan, sai ya tafi Napoli, inda ya haɗu da littattafan Aristo tare da sharhin Ibn Rushd. Shi ne Toma Akwinas. A babban littafinsa na ilimin Allah ya keɓe fasali ga wannan tambaya ta abin da ya wuce, ya kawo maganar Jerom ɗin nan da kanta, ya hukunta cewa Allah yana da iko a kan duk abin da babu cin karo a cikinsa, cewa kuwa abin da ya faru bai faru ba cin karo ne tsantsa. Sai dai ya ƙara wani abu wanda nake ganin da Damiyan ya ji shi da ransa ya yi sanyi: ya ce abin da ya fi dacewa shi ne a ce irin waɗannan abubuwa ne ba sa yiwuwa, kada a ce Allah ne ba ya iya su. Aibin yana ga abin, ba ga Mai iko ba. Game da wadda ta faɗi kuwa, ya ce Allah yana iya kawar mata da kowace ɓarna ta rai da ta jiki, abu ɗaya da ba ya kawuwa shi ne kasancewar abin ya taɓa faruwa, kamar yadda mai zunubi ake gafarta masa sarai ba tare da ya zama bai taɓa yin zunubin ba.

A ra'ayina hujja tana tare da Akwinas da Sanusi, ladabin harshe kuwa Damiyan ne ya koyar da shi. Akwai kuma wani dalili da ya sa amsar Akwinas ta fi kwanta mini, wanda ba daga manɗiƙi ya fito ba. Da a ce hanyar da Allah yake bi da laifi ita ce ya mai da shi bai taɓa aukuwa ba, da sunayensa na gafara da karɓar tuba ba su da abin da za su rataya da shi, da kuma wanda aka zalunta ba shi da ƙarar da zai ɗaukaka ranar hisabi, tun da zaluncin an shafe asalinsa. Tabbatuwar abin da ya wuce ita ce take sa yafiya ta zama yafiya, sakayya ta zama sakayya, kuma ni ban san wata alamar iko da ta fi ta Wanda yake ganin laifi ƙarara a rubuce, sa'an nan ya ɗaukaka mai laifin bayan tubarsa. Mas'alar dai ba ta mutu da Akwinas ba. Ya rasu ran 7 ga Maris 1274, kuma ɗaya daga cikin rubutunsa na ƙarshe wasiƙa ce zuwa ga Barnad, shugaban Monte Kasino, wanda ruhubanawansa suka rikice a kan yadda sanin Allah na azal yake haɗuwa da ajalin mutum. Shekara uku cif bayan rasuwarsa bishop na Faris ya haramta maganganu 219 da ake yawo da su a jami'a, da dama daga cikinsu saboda suna taƙaita ikon Allah, kamar masu cewa ba ya iya halittar duniyoyi fiye da ɗaya.

Dutsen kuwa bai gama ganin nasa rabon ba. A watan Satumba na 1349 girgizar ƙasa ta zubar da ginin Desideriyus, ba abin da ya tsira sai kaɗan, cikinsu har da wani ɓangare na ƙofofin tagullar nan. Aka sake ginawa, aka yi ta ƙawata shi ƙarni bayan ƙarni. Sa'an nan a ƙarshen 1943 Jamusawa suka ja layin tsaronsu ta gindin dutsen domin su tare hanyar Roma, wasu hafsoshinsu suka kwashe littattafai da takardun gidan a manyan motoci zuwa Roma, wanda shi ya sa suka tsira. Sojojin ƙawance, waɗanda aka yi ta karkashewa a kwari, suka tabbata a ransu cewa abokan gaba suna leƙensu daga tagogin gidan, alhali kuwa ba sojan Jamus a cikinsa, sai tsohon shugaban gidan Girigoriyo Diyamare, da 'yan ruhubanawa kaɗan, da ɗaruruwan talakawa da suka fake a wurin suna zaton alfarmarsa za ta kare su. Ran 15 ga Fabrairu 1944 jiragen sama fiye da 200 suka yi masa ruwan bama-bamai, aka kashe fararen hula sama da 200, bayan haka ne Jamusawa suka shiga kangon suka mai da shi ganuwa, yaƙin ya ƙara tsawon wata uku. Cikin waɗanda suka zubar da jininsu a tsaunukan da suke kewaye har da dubban Musulmi 'yan Maroko da Aljeriya da Tunis da suke cikin rundunar Faransa. Sojojin Folan ne suka kafa tutarsu a kan ɓaraguzan ran 18 ga Mayu.

Bayan yaƙi aka yanke shawarar a mai da gidan a inda yake, kuma yadda yake, aka bi tsofaffin zane-zane da hotuna ana jera dutse bisa dutse, har Fafaroma Bulus na Shida ya zo ya keɓe sabuwar majami'ar ran 24 ga Oktoba 1964. Tambarin gidan kututturen itace ne da aka sare yana fid da sabon toho. Mai ziyara da ya tsaya a farfajiyarsa a yau zai ga ginshiƙai da baka-baka kamar yadda suke kafin 1944, in kuma ya juya ya dubi gangaren da yake fuskantar gidan zai ga maƙabartar sojojin Folan, kabari fiye da 1,000 a jere.